Noman Kwakwar Manja a Jihar Kaduna: Daga Zaɓen Fili Zuwa Jarka

Mafi yawan manjan da ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Bakin Dogo da Kawo daga nesa ake kawo shi, daga jihohi irin su Edo da Ondo da Imo da Akwa Ibom da Kogi, kuma kafin jarka ta iso hannun mai miya sai kuɗin mota da na dillalai sun hau kanta. Wannan ne ya sa manoma da 'yan kasuwa, har da ma'aikatan da ke shirin ajiye aiki, suke yawan tambaya ko kwakwar manja za ta yi a Kaduna. Tana yi, amma ba a ko'ina ba, kuma ba da kowane iri ba. Kasuwarta dai babu shakka a kanta. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce ke gaban duniya wajen samar da manja, amma yau Indonesiya da Malesiya ne ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, mu kuwa abin da muke samarwa bai wuce kusan tan miliyan 1.5 a shekara ba, wanda bai ishe mu ba, sai an shigo da ƙari daga waje. Abin da ya kamata mai niyya ya riƙe tun farko shi ne, kuskuren da aka yi wajen zaɓen fili ko zaɓen iri ba ya bayyana sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da kuɗi ya riga ya tafi.

A fara da lissafin ruwa, domin a jiharmu shi ne ke yanke hukunci. Kwakwar manja bishiyar kurmi ce, asalinta nan Afirka ta Yamma, kuma abin da ta fi so shi ne ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara wanda ya rarrabu a kan watanni, da zafi matsakaici, da hasken rana na aƙalla awa 5 a yini. Garin Kaduna yana samun kusan milimita 1,200, Zariya ba ta kai haka ba, sai dai kudancin jihar, wajen Kafanchan da Kagoro da Gwantu, inda ruwan ke kaiwa milimita 1,500 ko ya zarce. Ko a can ɗin ma akwai rani daga Nuwamba zuwa Maris, ga kuma iskar hunturu mai busar da ganye. Abin da ke yaudarar mutane shi ne bishiyar ba ta saurin mutuwa da ƙishirwa: za a gan ta tsaye da ganyenta kore, a zaci lafiya lau take. Amma kwakwa tana fitar da fure iri biyu a jikinta, namiji da mace, kuma macen ce kaɗai ke zama nonon kwakwa. Idan ta sha wahalar rani sai ta karkata ga fitar da furen namiji, kuma da yake furen yana fara samuwa a cikin bishiyar tun kimanin shekara biyu kafin a girbe shi, ƙishirwar bana sai baɗin baɗaɗa take nunawa a girbi.

Saboda haka fili iri biyu ne kawai ya cancanci a zuba masa kuɗi. Na farko shi ne wanda ke kudancin jihar, a gefen rafi ko a ƙasan kwari inda laima ke daɗewa, musamman inda ake ganin kwakwa ta fito da kanta ba wanda ya shuka ta, domin wannan shaida ce da ta fi ta bakin dillalin fili. Na biyu shi ne wanda ke da tabbataccen ruwan ban-ruwa, ko na kogi ko na dam ko na rijiyar burtsatse mai ƙarfi. Noman kwakwa da ban-ruwa abu ne da ake yi, manoman jihar Andhra Pradesh ta Indiya da shi suka dogara, amma a yi lissafinsa da gaskiya. Babbar bishiya tana buƙatar lita 150 zuwa 200 a kullum da rani, hekta ɗaya kuwa tana ɗaukar bishiya 143, wato fiye da lita 21,000 ke nan kowace rana har tsawon wata huɗu ko biyar. Wanda filinsa ke Igabi ko Giwa ko Soba kuma ba shi da hanyar samun wannan ruwa, gara ya sa kuɗinsa a mangwaro ko kashu ko wani abin da ƙasar ta yarda da shi.

Bayan ruwa sai ƙasa. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wurare uku ko huɗu na filin, a duba. Idan aka ci karo da marmara ko shimfiɗaɗɗen dutse kafin a kai wannan zurfi, a bar wurin, domin saiwa ba za ta iya bin laima ƙasa da rani ba. Haka nan fadamar da ruwa ke kwanciya a kanta wata da watanni ba ta dace ba sai an yi mata magudana. Ƙasa mai zurfi, mai taushi, wadda ke riƙe laima ba tare da ta caɓe ba, ita ake nema. Yana da kyau a ɗebi samfurinta a kai gwaji Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, ko a nemi malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha su taimaka. Kuma tun da bishiyar za ta yi shekara 25 zuwa 30 tana ba da amfani, kada a dasa ta a gonar aro ko ta gado da ba a raba ba. A yi takarda a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, in da hali a yi rajista a hukumar rajistar filaye ta jiha, wato KADGIS, domin rigima kan fili ba ta tasowa sai bishiya ta fara kawo kuɗi.

Batun iri shi ne inda aka fi cutar manoma, don haka ya kamata a fahimce shi sosai. Kwakwa kashi uku ce. Akwai dura, mai kaurin ɓawon ƙwallo da ƙarancin tsoka, ita ce mafi yawan wadda ke fitowa a daji. Akwai pisifera, wadda ƙwallonta ba shi da ɓawo, kuma yawanci nononta ruɓewa yake yi kafin ya nuna. Sai tenera, wadda ake samu idan aka ɗauki garin furen pisifera aka barbara dura da shi. Ita ce mai siririn ɓawo da tsoka mai yawa, kuma ita ce ake noma don mai a duk duniya. Ga inda matsalar take: idan mutum ya tsinci 'ya'yan tenera a ƙarƙashin bishiya mai kyau ya shuka, ba tenera zalla zai samu ba. Kimanin rabi ne za su fito tenera, rubu'i su koma dura, rubu'i kuma su zama pisifera da za ta ci taki ta sha ruwa ba ta ba da komai ba. Kuma babu mai iya bambance su da ido suna cikin leda, komai ƙwarewarsa, sai sun yi 'ya'ya an fasa an gani. Mai sayar da dashe a bakin titi da ke rantsuwa cewa nasa tenera ne, wataƙila shi kansa bai san abin da ke hannunsa ba. Araha ba ta ado.

Tushen da aka sani a ƙasar nan shi ne Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Najeriya, wato NIFOR, da ke kusa da Benin a Jihar Edo, wadda aka kafa tun 1939. Tana sayar da iri mai tsiro da kuma dashen da aka rena. A saya kai tsaye daga gare ta ko daga kamfanin da ke da sahihiyar shaida, a karɓi rasit, kuma kada a yarda da wanda ya ce shi wakilinta ne sai an tabbatar daga cibiyar. Ga mutumin Kaduna, sayen iri mai tsiro ya rena da kansa ya fi sauƙi, domin ɗauko manyan dashe a mota daga Benin yana da tsada kuma suna jigata a hanya. Manoma biyar ko goma za su iya haɗa kuɗi su aika mutum ɗaya amintacce.

Wurin reno ya kasance kusa da ruwa, a shinge shi saboda awaki da kaji. A cika manyan ledoji baƙaƙe masu huji da ƙasar sama mai kyau wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen taki. Irin yana da tsiro biyu, ɗaya saiwa ɗaya kai. A sa saiwar ta dubi ƙasa, kan ya dubi sama, a zurfin da bai wuce santimita 2 ba, kuma a yi hankali domin suna karyewa da wuri, wanda aka juya shi kuwa a murɗe zai fito. A yi musu rumfar ganye a watannin farko, a riƙa rage inuwar a hankali, a ba su ruwa safe da yamma. Idan sun fara girma a tazarta ledojin don kada su yi tsawo su siranta. Reno yana ɗaukar wata 10 zuwa 12, saboda haka wanda ke son dasawa a daminar baɗi, a daminar bana zai fara. Duk dashen da ya tsumbure, ko ganyensa ya murɗe ko ya ƙi buɗewa, a cire shi a yar ba tare da jin ciwon kuɗinsa ba, kuma saboda wannan ne ake sayen iri fiye da adadin ramuka.

Ana dasawa idan damina ta kankama, wajen watan Mayu zuwa Yuni a kudancin jihar, domin bishiyar ta samu watanni tana kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Tazarar da aka saba ita ce mita 9 tsakanin kowace bishiya da maƙwabtanta a tsarin kusurwa uku. Yadda ake fitar da shi ba wuya: a ja layi na farko daga arewa zuwa kudu, a kafa turaku kowace mita 9, sannan a ɗaura igiya mai tsawon mita 9 a turke ɗaya, wata irinta a turke na kusa da shi, inda bakin igiyoyin biyu suka haɗu nan ne ramin layi na biyu. Kada kwaɗayin yawa ya sa a matse su, domin idan rassa suka haɗe bishiyoyin tsawo za su yi ta yi suna neman rana, 'ya'ya kuwa su ragu. Rami ya kasance santimita 60 a faɗi da tsawo da zurfi. A ware ƙasar sama daban, a gauraya ta da taki a fara mayar da ita, a yanke ledar ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, a daidaita wuyan dashen da saman ƙasa, a danne sosai. Daga nan a kewaye shi da ragar waya mai tsawon kusan rabin mita, domin gyazbi da ɓeraye suna cin zuciyar ƙaramar kwakwa, kuma wadda aka ci zuciyarta ba ta sake tohowa.

Shekaru ukun farko gonar ba za ta zauna banza ba. Ana iya shuka wake da gyaɗa da waken suya da masara a tsakanin layuka, har da citta, wadda manoman Kachia da Jaba da Kagarko suka ƙware a kanta kuma tana jure 'yar inuwa. Waɗanda cutar citta ta 2023 ta karya sun san haɗarin dogaro da amfani ɗaya, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa kwakwa ta dace da su. A dai bar fili mita ɗaya da rabi zuwa biyu kewaye da kowace bishiya a share tas, a kuma nisanta rogo da ita domin suna takarar abinci iri ɗaya. Da ruwa ya fara ɗaukewa a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan wake kewaye da gindi don riƙe laima, amma kada ta taɓa jikin bishiyar saboda gara.

Babban abokin gaba da rani shi ne wuta. Gobarar daji ta yini ɗaya tana iya cinye wahalar shekara huɗu, don haka tun watan Oktoba a share hanya mai faɗi kewaye da gonar, a kuma yi magana da maƙwabta da mafarauta. Shanu ma suna son ganyen ƙaramar kwakwa. Shinge da kyakkyawar fahimta da ardon yankin sun fi ƙara a gaban hukuma bayan ɓarna ta auku.

Wajen taki, kwakwa ta fi kowane abu buƙatar sinadarin fotash, shi ya sa takin da aka fi ba da shawara a kansa shi ne NPK 12-12-17 mai ɗauke da kashi 2 na maganiziyam. Ana farawa da kusan rabin kilo ga kowace bishiya a shekarar farko, ana ƙarawa har ya kai kilo 2 ko fiye idan ta fara haihuwa, a raba shi biyu, farkon damina da kusa da ƙarshenta, a barbaɗa a da'ira daidai inda rassa suka kai. Ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo a tsofaffin ganye alamar ƙarancin fotash ce. Kashin kaji da na shanu da toka duk suna taimakawa. A yankin da ke da dogon rani irin namu yana da amfani a riƙa cire furannin farko da bishiyar ke fitarwa kafin ta cika shekara biyu a gona, domin ƙarfinta ya tafi ga saiwa da gangar jiki. Kada a sare ɗanyen reshe don tsintsiya ko rumfa, busasshe kawai ake cirewa. Haka kuma kada a fesa maganin ƙwari a kan fure, domin akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke ɗaukar garin furen namiji ya kai wa macen; amfaninsa ya kai har Malesiya ta ɗauko shi daga Kamaru ta sake shi a gonakinta a 1981, mu kuwa Allah ya ba mu shi kyauta.

Tenera da ta samu kulawa tana fara ba da girbi a shekara ta uku, a wuri mai ƙarancin ruwa kuma ta kai ta huɗu. Nonon farko ƙanana ne, girbi ba ya cika sai wajen shekara ta takwas. Daga ranar da fure ya ɗauki barbara zuwa nunar nono wata biyar zuwa shida ne. Ja ko ruwan lemo a jikin 'ya'ya bai isa shaida ba. Alamar nuna ita ce a ga 'ya'ya sun fara zubowa da kansu a gindin bishiya. Wanda aka sare ɗanye mansa kaɗan ne, wanda ya wuce lokaci kuma mansa ya fara lalacewa, saboda haka a riƙa zagaya gona kowane kwana 10 zuwa 14. Ana sare na gajeriyar bishiya da dagi mai faɗin baki, na doguwa kuma da lauje da aka ɗaura a doguwar sanda. A tsince duk 'ya'yan da suka zube, domin su ne suka fi mai.

Daga lokacin da nono ya faɗi ƙasa, ingancin manja ya koma kan sauri. A cikin tsokar kwakwa akwai wani sinadari da ke fara narkar da man ya mai da shi tsami da zarar 'ya'yan sun ƙuje ko sun kwana, kuma zafi ne kawai ke kashe shi. Wannan tsamin ne ke sa manja wari da maƙaƙi a maƙogwaro, kuma kamfanonin da ke sayen mai da yawa ba sa son ya wuce kashi 5 cikin 100. Al'adar da aka saba ta jibge nono kwana huɗu ko mako guda don 'ya'ya su saki da kansu tana rage wahala, amma ita ce ke lalata mai. Abin da ya fi shi ne a sarrafa cikin kwana ɗaya ko biyu. A faskara nonon gida huɗu da gatari, a zuba a duro da aka yi wa raga a ciki sama da ruwa, a rufe, a turara shi awa ɗaya ko fiye har 'ya'yan su yi laushi su riƙa fita da ɗan bugu. Turarawa ta fi dafawa cikin ruwa tsundum, domin ba ta jiƙa tsokar fiye da kima.

Tun suna da zafi a kirɓa su, ko a turmi ko a injin kirɓi, har tsoka ta rabu da ƙwallo ba tare da ƙwallon ya fashe ba. Kada a bari su huce, domin mai ba ya sakin tuƙa idan ya yi sanyi. Daga nan a zuba a injin matsa. Manyan masana'antu suna fitar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin nonon tenera a matsayin mai, ƙaramin inji bai kai haka ba, matsa da hannu kuwa tana barin mai da yawa a cikin tuƙa. Abin da ya fito daga matsa haɗin mai ne da ruwa da dauɗa, don haka a ƙara masa ruwan zafi, a tafasa a hankali, a bar shi ya kwanta, a kwashe man da ya taso sama a tace. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: a mayar da man kan wuta marar ƙarfi har sauran ruwan da ke ciki ya ƙone, ƙarar tafasa ta tsaya. Manjan da ke da ruwa a ciki ba ya ajiyuwa. Amma kada wutar ta yi yawa har ya fara hayaƙi, domin jan launinsa shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma zafi mai tsanani yana kashe shi. Ruwan dauɗar da ya rage kada a sake shi cikin rafin da mutane ke sha. A haƙa masa rami ya ruɓe a can ya zama taki.

Babu abin yarwa a jikin kwakwa. Ƙwallon idan ya bushe ana fasa shi a fitar da ƙwara, wadda ake tatsar alayyadi daga gare ta, dusarta kuma masu kiwon kaji da shanu suna saye. Ɓawon da tuƙar makamashi ne da zai rage sayen itace a wurin dafawa. Ƙashin nonon da aka cire wa 'ya'ya a mayar da shi gindin bishiya, ko a ƙone shi a samu toka mai ƙarfi da ake sabulu da ita.

A zuba mai a jarkoki masu tsabta da suka bushe sarai, waɗanda ba a taɓa sa fetur ko maganin feshi a ciki ba, a cika su har wuya, a toshe, a ajiye a inuwa a kan katako. Farashin manja yakan faɗi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da kwakwa ke yawa a kudu, ya kuma tashi zuwa ƙarshen shekara, don haka mai da aka tace da kyau aka busar yana ba mai shi damar jira. Akwai masu zuba rinin da ake kira Sudan don manja ya ƙara ja; hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa domin yana cikin abubuwan da ake dangantawa da cutar daji, kuma mai yin haka yana zuba wa 'yan'uwansa guba ne a miya. Wanda zai sa mansa a kwalba da suna ya kai kantuna sai ya yi rajista da hukumar.

Game da sayen inji, mai hekta ɗaya ko biyu bai kamata ya yi gaggawa ba, domin girbinsa ba zai ishi injin aiki ba, zai yi ta zama yana tsatsa. Abin da ya fi dacewa shi ne manoman yanki ɗaya su kafa ƙungiya tun lokacin sayen iri, su sayi injin kirɓi da na matsa guda ɗaya idan bishiyoyi sun kusa haihuwa, su kafa shi kusa da ruwa da hanyar mota, sannan su tsara ranakun girbi ta yadda nonon kowa zai shiga duro washegarin ranar da aka sare shi.